Yatsan Bashi Lombe a Kan Allura

Idan kana neman wanda ya san komai a unguwar Chamboli ta garin Kitwe, ba sai ka wahalar da ƙafarka ba, shi zai nemo ka. Sunansa Kapambwe, amma tun da aka haifa masa ɗan fari kowa Bashi Lombe yake ce masa, wato baban Lombe, matarsa kuma Bana Lombe, uwar Lombe. Tsohon ma'aikacin mahaƙar jan ƙarfe ne, ya bar rami amma bai bar surutu ba. A faɗarsa, shi ya koya wa Turawan mahaƙa jin motsin dutse da tafin ƙafa, kuma ya taɓa tayar da jirgin ƙasa da cokalin shayi. In ka ce ƙarya ne sai ya tambaye ka ko kana wurin, kai kuwa ba ka wurin.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai, ba a taɓa yi masa amatebeto ba. A wurinmu idan namiji ya riƙe mace shekara da shekaru bai wulaƙanta ta ba, matan danginta sukan dafa duk abincin da suka iya, su ɗaure kwanukan cikin zannuwa, su ɗauko a ka da kiɗa da guɗa har ƙofar gidansa, a kwance a gabansa duniya ta shaida ya cika miji. An yi wa maƙwabcinsa na dama. An yi wa na hagu, mutumin da ko akuya ba za ka ba shi ajiya ba. Shi kuwa Bashi Lombe ya haura shekara arba'in da aure, ko ƙafar kaza ba a kawo masa ba. Duk ranar da ya ji ganga ta nufi gidan wani, sai ya ja taga ya ce kansa ke ciwo.

Mai yanke wannan magana ita ce yayar matarsa, Ba Nsofwa, gajeriyar tsohuwa mai sanda, wadda in ta ce a'a ko fasto sai ya sake hanya.

Ana nan sai wani yayi ya shigo gari. Samarin da a da suke dariyar kiɗan iyayensu suka tashi haiƙan neman tsofaffin faya-fayan garmaho na zamaninmu, zamanin wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa da takalmi mai tudu, lokacin da kowace unguwar ma'aikata take da samarinta masu sa jita gurnani. Har daga ƙasashen waje ake zuwa cigiya. Rediyo ma ya koma saka su duk Lahadi da yamma, tsofaffi suna jin waƙar da suka manta sai ka ga sun ajiye loma suna kaɗa kai.

Wata Lahadi Ba Nsofwa ta kawo ziyara, ana zaune a inuwar mangwaro rediyo yana ta yi. Da shirin ya ƙare, Bana Lombe ta yi ajiyar zuciya ta ce, “Yau ma ba su saka na Yaya Chisanga ba.”

Chisanga ɗan'uwansu ne, ƙanen Ba Nsofwa, wan Bana Lombe. Shi ne mawaƙin wasu 'yan jita da ake kira Tartsatsi. Faifai ɗaya suka taɓa yi, aka buga kaɗan, shi kuma ya rasu da ƙuruciyarsa. Tun daga nan babu wanda ya sake jin muryarsa a dangi.

Bashi Lombe ya yi tsaki ya gyara zama. “A ina yaran rediyon nan za su samo shi? Su tambaye ni mana. Babu faifan da ke garin Kitwe da ban san ɗakin da yake kwana ba. Tartsatsi kuwa ai ni ne ƙashin bayansu, ni nake ɗaura musu waya. Har waƙa Chisanga ya yi mini a faifan nan, da sunana ɓaro-ɓaro.”

Gaskiyar magana, lokacin da faifan ya fito an tura shi aiki garin Chingola. Da ya dawo wani ya ce masa akwai sunansa a ciki, ya faɗa yana dariya ya wuce. Bashi Lombe bai taɓa jin waƙar ba, amma a kan wannan 'yar maganar ya gina bene.

Ba Nsofwa ta dube shi ta gefen ido. “Mulamu,” ta ce, don haka ake kiran mijin ƙanwa, “ka taɓa jin ta kuwa?”

“Jin ta? Na haddace ta kamar addu'ar cin abinci.”

“To ɗan rera mana.”

“Haba, Ba Nsofwa. Irin wannan ba a rera ta babu jita, raini ne ga mamaci.”

Tsohuwa ta buga sanda a ƙasa, idonta yana ƙyalli. “Shi ke nan. Nemo faifan. Ranar da ka saka mana waƙar nan a gaban jama'a, daga farkonta har ƙarshe, ran nan za mu kwance maka kwanuka. In ba ta kai ƙarshe ba, mu koma da abinmu a ɗaure.”

“Yaya, don Allah ki bari,” in ji Bana Lombe da sauri. “Bashi Lombe, ka bar maganar nan, ni ban ce a nemo ba.”

Ina! Mutumin ya riga ya kai bakin shinge yana shelanta wa maƙwabta su fara wanke hannu.

Washegari ya shiga unguwa gida-gida. Faya-fayai kam akwai su a Chamboli, sai dai kowanne ya sami sabon aiki. Wata tsohuwa da nata take rufe tukunyar wake. Wani ya rataye uku a gonar bayan gida suna korar tsuntsaye. Wanzamin kasuwa ya kafe nasa a bango da ƙusa, mai sayar da gawayi kuma da nasa yake fifita wuta. Bashi Lombe ya ɗaga murfin wake, ya haura gonar mutane, kare ya raka shi har titi, amma babu na Tartsatsi. A ƙarshe wanzami ya ce, “Je ka wurin Shawa mana. Ai shi ba ya yar da komai, har haƙoransa da suka fita yana da su a gwangwani.”

Shawa ɗan ƙabilar Ngoni ne daga gabas, Bashi Lombe kuwa ɗan ƙabilar Bemba, ka ga ke nan taubasai ne, mbuya suke ce wa juna. Tun suna samari ba su taɓa yin magana a miƙe ba. In Shawa ya ce abincinka ba daɗi, to ya ji daɗi. In ya ce ka rame, ka yi ƙiba. Kuma abin da taubashi ya ɗauka a gidanka ya ɗauku, babu ƙara babu fushi.

“Maci ɓera, fito!” Bashi Lombe ya ƙwala daga ƙofa.

“Wa nake ji kamar maci biri?” Shawa ya amsa daga ciki. “Kun cinye na dawa ne ka shigo gari farauta?”

“An ce kana da faifan surukina. Me ɗan Ngoni zai yi da kiɗa? Ku da ba ku san komai ba sai buga ƙafa a ƙasa.”

Shawa ya jawo wata tsohuwar akwati daga ƙarƙashin gado. Ga faifan nan cikin rigar filo, baƙi wuluk yana sheƙi, ko ƙwarzane babu. A gefensa kuma wani takalmi ne mai tudu, ja, irin na da. Da Shawa ya ji abin da za a yi da faifan, sai dariya ta ɗauke daga fuskarsa.

“Mbuya, saurare ni. Yau ba wasa nake ba. Kada ka saka faifan nan a gaban surukanka.”

“Yauwa, an fara!” Bashi Lombe ya tafa hannu. “Ashe waƙar ta kai yadda nake zato.”

“Na rantse da kabarin uwata.”

“Makon jiya ma da shi ka rantse cewa akuyarka ta haifi agwagwa.”

“Wancan wasa ne, wannan gaskiya ce!”

“Haka ka ce a kan agwagwar.”

Ya sunkuya ya sure faifan, ya haɗa da takalmin. Shawa ya dafe kai. “Takalmin kuma? Kai, mbuya, ko me za ka yi, kada ka sa wannan takalmin ran nan.”

“Na gode da shawara, shi zan sa.”

Da ya isa gida ya ɗaga faifan a rana, ya ce ƙurar Ngoni ta cika shi, dole a yi masa wanka. Ya samo sabulun wanki da soson tukunya ya dirje shi ciki da baya. Sannan ya hau tsani ya shanya shi a kan rufin kwano, kusa da ganyen kabewar da matarsa ta baza. Watan Oktoba ne, watan da kwano ke soya ƙwai.

Maƙwabciyarsa Bana Chomba, wadda ba abin da ke wuce idonta, ta leƙo ta kan shinge. “Bashi Lombe, miya za a yi da shi ne?”

“Ke dai ki ji da tsegumi. Zafi yana buɗe muryar faifai, ko a Turai haka ake yi.”

Ya shiga ɗaki ya ɗan kishingiɗa. Da ya farka ya hau tsani, sai ya tarar faifan ya lanƙwashe kamar hular da aka zauna a kai. Ya daɗe yana kallonsa. Bana Chomba tana nan inda ya bar ta.

“Ya buɗe?” ta tambaya.

“Ya buɗe. Saura a rufe shi kaɗan.”

Ya zuba garwashi a dutsen guga, ya jawo zane na farko da hannunsa ya kai gare shi a kan igiya, ya shimfiɗa a kan faifan ya danna. Wari ya tashi. Ashe zanen ƙungiyar matan coci ne na Bana Lombe, ga shi nan da rami daidai siffar dutsen guga. Faifan kuwa ya miƙe ta gefe guda ya kumbura ta ɗayan. Bai karaya ba. Ya ce gilashi ake bukata, ya ɗauko sukudireba ya cire gilasan tagar ɗakin kwanansu guda biyu, ya sa faifan a tsakani, ya ɗora dutsen niƙa a kai. Gilashin sama ya ce ƙas. Da yamma kuma ruwan farko na shekara ya sauko, ya shiga ta tagar ya yi wa katifa wanka.

Bana Lombe ta tsaya a tsakar ɗaki, ƙonannen zane a hannu, ruwa yana bin ƙafarta. “Bashi Lombe, gidan za ka rushe kafin a kawo abincin?”

“Ke ba ki san aikin injiniya ba. Sai an ɓata ake gyarawa.”

Da aka zaro faifan, ya ɗan miƙe ba laifi, sai dai tudu ɗaya da ya ƙi kwanciya, da wani dogon ƙwarzane da gilashi ya bar masa.

Saura garmaho. Yana da wani babba irin mai kama da kabad, wanda ya saya da albashinsa na farko, amma ya daɗe da zama ɗakin wata jar kaza, a ranar ma kwance take a kan ƙwai. Ya ce ta fita, ta ƙi. Ya sa hannu, ta sare shi. Sai da ya lulluɓe ta da buhu ya kai ta bayan gida, kafin ya dawo ta riga shi dawowa. Haka suka yi ta yi har Bana Chomba ta kira mijinta ya zo ya gani. Da ƙyar ya toshe ƙofar kabad ɗin da bulo. Robar da ke juya faifai ta ruɓe, ya zare ta gajeren wandonsa ya ɗaura. Wayoyin da ɓera ya ci ya murɗa su da hannu. A gefe akwai wani maɓalli mai lambobi, ya murɗa shi zuwa lamba mafi girma, ya ce babban mutum ba ya saka faifai a ƙaramar lamba.

Ya ɗora allura. Abin da ya fito, kai ka ce an taka wutsiyar ɓeraye ɗari a lokaci guda. Tsiii-tsiii, kici-kici-kici, ko kalma ɗaya ba ka tsinta.

Bashi Lombe ya lumshe ido yana kaɗa kai. “Kin ji? Yana cewa Kapambwe zakin rami, Kapambwe mai ƙirjin ƙarfe.”

Bana Lombe ta zauna a bakin gado. Muryarta ta yi sanyi. “Baban yara, in abinci kake so, ni zan dafa maka duk abin da za su kawo, har da ƙari. Ka mayar wa Shawa faifansa.”

“Abin da matar mutum ta dafa ba amatebeto ba ne, abincin dare ne.”

“Ina gudun kada ka ji kunya.”

“Kunya? Ni? Ke dai ki tanadi hankici, don ran nan za ki ji muryar ɗan'uwanki.”

Tana so ta ji muryar nan, Allah ya sani tana so, kuma tana tausayin wannan mahaukacin mijin nata. Ta tashi ta fita da katifa shanya.

Ran Asabar da rana Chamboli ta taru. Bashi Lombe ya aro lasifikar coci ya ɗaure a reshen mangwaro, wai don mutanen unguwar Wusakile da ke maƙwabtaka ma su amfana. Ya gayyaci tsofaffin abokan aikinsa, da wanzami, da samarin nan masu neman faya-fayai, waɗanda suka zo da wayoyinsu a ɗage. Ya fito cikin wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa da jan takalmin Shawa, yana tafiya yana dafa bango, yana gaisawa da mutane daga sama.

Sai ga ganga. Wannan karon ba gidan dama ta nufa ba, ba na hagu ba. Mata ne jere, kowacce da ƙunshi a ka, suna rawa suna guɗa, Ba Nsofwa a gaba da sandarta. Ƙamshin kaza da busasshen kifi da miyar gyaɗa ya riga su shigowa. Bashi Lombe ya ji idonsa ya kawo ruwa, ya ce hayaƙin gawayi ne. Matan suka jera kwanuka a kan tabarma, kowanne a ɗaure tam. Ba Nsofwa ta zauna a kujera ta ɗora haɓa a kan sanda.

“To, mulamu, ga namu. Ina naka?”

Ya yi jawabi tukuna, wanda ya taɓo Turawan mahaƙa da jirgin ƙasa, har sai da wani ya yi tari da gangan. Sannan ya ɗora allura.

Ɓerayen nan ɗari suka fito ta lasifikar coci. Karnukan unguwa suka ɗauki haushi. Wani jariri ya tsala ihu. Samarin suka sauke wayoyinsu suna duban juna.

Ba Nsofwa ta ɗaga sanda. “Ƙanena mutum ne, ba ɓera ba. Mata, ku ɗauki kayanku.”

“Dangin Shawa ne suka shiga injin!” Bashi Lombe ya faɗa yana dariyar dole, gumi yana bin wuyansa. “Ku dakata, yanzu zan kore su.”

Shawa ya kutso ta cikin mutane ya kama hannun rigarsa, ya yi ƙasa da murya. “Mbuya, Allah ne ya cece ka. Bar shi haka, ka ce injin ne ya lalace. Duk abin da za ka yi, kada ka taɓa maɓallin can mai lambobi.”

Bashi Lombe ya dube shi, ya dubi maɓallin, fuskarsa ta washe. “Allah ya yi maka albarka, maci ɓera.” Ya miƙa hannu ya murɗa.

Ɓeraye suka yi tsit. Sai jita ta yi wani gurnani mai kauri wanda ya girgiza ganyen mangwaro, ganga ta biyo ta a guje, tsofaffin da ke zaune suka miƙe ba su san sun miƙe ba. Wanzami ya yi ihu, “Tartsatsi!” Sannan murya ta shigo, muryar saurayi, garau, mai dariya a cikinta. Bana Lombe ta dafe baki da hannu biyu. Ba Nsofwa ta sauke sanda a hankali.

Muryar tana cewa:

“Wa ke tafe yana layi kamar sabon maraƙi?
Wa ke dafa bango tun bai sha komai ba?
Kapambwe ne, ya zo neman aure,
Kapambwe ne, da takalmin aro.”

Nan allura ta hau tudun nan da dutsen guga ya bari, ta yi tsalle ta koma baya. Da takalmin aro. Da takalmin aro. Da takalmin aro. Lasifikar coci tana ta isar da saƙo har Wusakile. Idanun jama'a gaba ɗaya suka sauka a ƙafafun Bashi Lombe.

“Nawa ne,” in ji Shawa cikin baƙin ciki na gaske. “Shi ne dai na wancan lokacin. Yau ma bai tambaya ba.”

Wayyo, dariya! Bana Chomba ta zube a ƙasa tana dukan tabarma. Tsofaffin abokan aiki suka rirriƙe juna. Masu ganga suka kasa riƙe ganga. Samarin suka sake ɗaga wayoyi. Bashi Lombe ya ji kamar ƙasa ta tsage ya koma ramin da ya baro. Ya kai hannu zai ɗage allura.

“Ɗage mana,” in ji Ba Nsofwa, ba ta ko ɗaga murya ba. “Ai ba kai ne na farko ba. Mu ma a da muna da faifan nan a gida. Matarka ce ta sa taɓarya ta farfasa shi kafin ka dawo daga Chingola, don kada ka ji ka ji kunya. Bayan nan Chisanga ya rasu. Duk shekarun nan ba ta ji muryar ɗan'uwanta ba saboda fuskarka. Ɗage, mu tafi.”

Hannunsa ya tsaya a sama. Ya juya ya dubi matarsa. Ita ba dariya take ba, ba ta ma san ana dariya ba. Ta matso har gindin mangwaro ta ɗaga kai tana kallon lasifika, hawaye yana zuba, tana sauraren kalma ukun nan da ke ta maimaituwa kamar wadda aka ba ruwa bayan doguwar tafiya.

Bashi Lombe ya sa yatsa ya tura allurar gaba. Waƙa ta ci gaba, amma da faifan ya zagayo kan tudun sai ta sake tsalle. Ya ɗora ƙaramin dutse a kan allurar, dutsen ya gangaro. Babu abin da ke iya bin hawa da saukar faifan nan sai yatsan mutum. Ya ɗora yatsa ya danna a hankali, ya bar shi a nan. Ana cikin haka jar kazar ta samu ta ture bulo ta shige kabad, ta fizge wayoyin da ya murɗa, sauti ya ɗauke. Ya sunkuya ya kamo bakin wayoyin da ɗaya hannun ya matse, sauti ya dawo. Ga shi nan a tsaye a kan takalmi mai tudu, a karkace, hannu ɗaya a kan allura, ɗaya a cikin kabad kaza tana saran sa.

In ya ɗaga yatsa, takalmin aro. In ya danna, sabon baiti. Haka ya raka waƙar da hannunsa, Chisanga yana ba Chamboli labari dalla-dalla. Yadda Kapambwe ya ce wa surukai shi ne shugaban rami, alhali shi ke share ɗakin ajiye fitilun ma'aikata. Yadda karen gidan ya kore shi ya hau gwanda, gwandar ta karye. Yadda ya zo durƙusa wa uban yarinya, takalmi ya gurɗe, ya wuce ta gefen tsohon ya faɗa kwata. Yadda mai takalmi ya biyo sawu ya karɓi abinsa a ƙofar gida, angon gobe ya koma ba takalmi.

“Haka aka yi!” Shawa ya faɗa, yanzu kam shi ma yana share hawayen dariya. “Ina da rawa a daren ran nan, ya zan yi?”

“Rufe mini baki, ina aiki,” in ji Bashi Lombe ta tsakanin haƙora.

Kafin baiti na uku fili ya rikice da rawa. Tsofaffi suka tuno taku irin na da, suna karkaɗa kafaɗa suna riƙe ƙugu. Masu ganga suka shiga cikin kiɗan. Duk sanda amshi ya zagayo, Chamboli gaba ɗaya sai ta ɗauka, Kapambwe ne, da takalmin aro. Ɗaya daga cikin samarin ya matso yana haki ya ce, “Baba, wannan ai ta fi duk waɗanda ake sakawa a rediyo!” Bashi Lombe ya harare shi, don ba shi da hannun da zai yi wani abu da shi.

Can sai jita ta sassauta, ganga ta yi ƙasa, muryar ta dawo a hankali:

“Ku ba shi Mwaba, ku ba shi ƙanwata.
Ya faɗa kwata har wuya, na gani da idona,
Amma kwanon gaisuwar da ya kawo mata
Yana sama a hannunsa, bai taɓa ƙasa ba.”

Jita ta yi gurnani na ƙarshe ta mutu. Sai shuuu na allura. Mwaba sunan Bana Lombe ne na yanka, wanda rabon da a kira ta da shi a bainar jama'a har an manta.

Ba Nsofwa ta fyace hanci da bakin zane. Ta dubi mutumin da ke tsaye a karkace, ta daɗe tana dubansa. “Ta kai ƙarshe,” ta ce. “Mata, ku kwance wa mijin Mwaba kwanukansa.”

Guɗa ta tashi har kazar ta firgita. Aka shiga kwance zannuwa, tururi yana tashi. Ga kaji, ga kifi, ga naman daji, ga rogo da dankali, ga tuwon masara fari tas kamar an wanke shi. Ba Nsofwa da kanta ta tsamo ƙundun kaza, rabon mai gida wanda ba a ba kowa sai shi, ta ɗora a faranti ta miƙo. Bashi Lombe ya ɗaga yatsansa da ya sandare, ya saki waya, ya miƙe da ƙyar yana riƙe baya. Abin da ya yi shekara da shekaru yana jira, ga shi a gabansa yana ƙamshi.

Sai ya ji an taɓa gwiwar hannunsa. Bana Lombe ce, idonta jawur.

“Bashi Lombe,” ta ce a hankali, “a sake.”

Ya dubi faranti. Ya dubi jama'ar da ta riga ta fara gyara tsayuwa don amshi. Ya dubi matarsa. Sai ya juya ya mayar da allura farko, ya ɗora yatsa, ya cusa hannu cikin kabad, kaza ta sare shi a inda ta saba.

Shawa ya miƙa hannu wajen farantin. “To tunda hannuwanka ba su da sarari, mbuya, bari in taimake ka.”

Bana Lombe ta doke hannun. Ta ɗauki ƙundun da yatsunta, a gaban yayarta da fasto da Chamboli duka, ta sa wa mijinta a baki. Sannan ta zauna a ƙasa kusa da jan takalmin, ta jingina da ƙafarsa, ta rufe ido. Jita ta yi gurnani, muryar Chisanga ta shigo, da amshi ya zagayo kuwa Bashi Lombe ne ya fara ɗauka, da abinci cike da bakinsa.